Shawara ga ƙungiyoyin kwaya kafin su ɗauko Handel da Bach a Kirsimeti

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da shugabannin kwaya na majami'u tun da sauran lokaci kafin Disamba. A Jos da Kaduna da Zariya da Abuja, da wuya a yi babban daren karol ba a ji Halleluya ta Handel ba. Mai kibod ya ƙure sauti, mutum tamanin su buɗe maƙogwaro, jama'a su miƙe tsaye, a tafa, a watse. Niyyar mai kyau ce. Sai dai abin da ke isa kunnen mai sauraro sau da yawa guguwa ce kawai, ba ya iya rarrabe alto da teno, balle ya ji kalma. Waƙoƙin nan an rubuta su ne domin muryoyi kaɗan masu sauƙin juyawa, kuma yawancin abin da ke lalata su a wurinmu daga yawan jama'a da son ƙara yake fitowa.

Zamanin da ake kira barok a kiɗan Turai ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750. Manyan gwanayensa biyu, Handel da Bach, Jamusawa ne, kuma shekara ɗaya aka haife su, 1685. Handel ya koma Landan da zama, can ya rubuta Messiah, wato Almasihu, a cikin kwana 24, daga 22 ga Agusta zuwa 14 ga Satumba 1741, a kan ayoyin Littafi Mai Tsarki da Charles Jennens ya tsara masa. An fara rera shi a Dablin ta ƙasar Ayalan ran 13 ga Afrilu 1742, a zauren kiɗa, domin tara kuɗi wa asibitoci biyu da fursunonin bashi. 'Yan kwayar da suka rera, maza da yara daga manyan majami'u biyu na birnin, ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Bayan rasuwar Handel ne aka shiga gasar yawa: a 1784 an tara mawaƙa da makaɗa sama da 500 a majami'ar Westminster Abbey ta Landan, a ƙarni na 19 kuma har dubbai aka riƙa tarawa a babban zauren Crystal Palace. Wannan al'adar ta Ingila ce ta iso mana, shi ya sa muke ɗauka cewa in ba a cika dandamali ba, ba a yi Handel ba.

A lura da watan da aka fara rera shi: Afrilu, dab da Ista. Messiah kashi uku ne. Na farko annabci ne da haihuwar Almasihu, na biyu shan wahala da tashi daga matattu da yaɗuwar bishara, na uku tashin matattu. Halleluya ita ce rufin kashi na biyu, kuma kalmominta daga Wahayi sura 11 da 19 suke. Ba mu ce kada a rera ta a Disamba ba, tunda ko a Ingila da Amurka haka ake yi. Amma kwayar da ta ɗauki Halleluya kaɗai ta bar ainihin abincin Kirsimeti a tukunya. Kashi na farko, wanda ke ɗaukar wajen minti 55, shi ne na wannan lokaci, kuma waƙoƙin kwaya shida ne a cikinsa: ta Ishaya 40:5 a kan bayyanar ɗaukakar Ubangiji, ta Malakai 3:3 a kan tsarkake 'ya'yan Lawi, ta mai kai albishir Sihiyona wadda alto ke buɗewa, ta Ishaya 9:6 a kan haihuwar ɗa, waƙar mala'iku ta Luka 2:14, sai ta Matiyu 11:30 a kan karkiya mai sauƙi.

Ga wannan aiki mutum 28 zuwa 36 sun wadatar. In talatin da biyu ne, a raba su kamar haka: sofrano 10, alto 8, teno 6, bas 8. Matsalar da aka fi gani ita ce sofrano ashirin da biyar a kan teno huɗu. A waƙar coci ta yau da kullum wannan ba ya fitowa fili sosai, domin sofrano ce ke riƙe da karin waƙa. A nan kuwa kowace murya tana da lokacin da jigo, wato ainihin karin waƙar, ke hannunta ita kaɗai. Waƙar Ishaya 40:5 alto ce ke buɗe ta, a ƙasa-ƙasa, babu mai rufa mata baya. In alto ba su da ƙarfi, an rasa farkon waƙar gaba ɗaya. Don haka kwayamasta ya gwada muryoyi ɗaya-ɗaya, ya mayar da wasu sofrano masu kaurin murya zuwa alto ko da sun ɓata rai, waɗanda kuma ba su riga sun iya gudu ba a ajiye su domin waƙoƙin karol da jama'a za su rera tare.

Lokacin koyo kada ya gaza mako goma sha biyu, sau biyu a mako, awa biyu kowane zama. Makonni huɗu na farko kowace murya ta koyi nata daban. Daga na biyar a riƙa haɗa biyu-biyu, sofrano da teno, alto da bas, saboda Handel yakan ba waɗannan jigo iri ɗaya. Sai a mako na takwas a haɗa duka. A fara da mafi wuya, wato ta Malakai da ta Ishaya 9:6 da ta Matiyu, a bar Halleluya sai ƙarshe, domin ita rabin mawaƙan sun riga sun haddace ta, har da kurakuranta. Kowa kuma ya riƙe bugu iri ɗaya na takarda. Haƙƙin mallakar waƙoƙin ya daɗe da ƙarewa, ana samunsu kyauta a shafukan intanet na IMSLP da CPDL, amma lambobin waƙa da na shafi sun bambanta daga bugu zuwa bugu, kuma rabin awa kan tafi a neman inda ake. Masu karanta solfa su sa fensir su zagaye duk inda ki, wato mazaunin sautin waƙar, ya canja, da kowace "fe" da "ta", wato sautukan da aka ɗaga ko aka sauke da rabin mataki, domin a nan ne murya ɗaya ke zamewa ta ja sauran.

Yanzu ga wurin da ake yawan faɗuwa, wato gudun murya a kan gaɓar kalma guda. A waƙar Ishaya 9:6, kalmar "born" kaɗai tana ɗauke da sauti sama da hamsin a jere. Hanyoyi biyu ne ake ɓata ta. Wasu su shafe sautukan su zama kamar jiniya, wasu kuma su sa "ha-ha-ha" a gaban kowane sauti har numfashi ya ƙare kafin rabin hanya. Maganinsa haƙuri ne. A fara da rabin saurin da ake nufi, a kan "du-du-du" ko "ta-ta-ta", ba tare da kalma ba. A raba sautukan huɗu-huɗu, a ɗan jaddada na farkon kowane huɗu, har mawaƙi ya gane cewa salo ɗaya ne ke maimaita kansa yana hawa mataki-mataki. Sai a rera da tsalle, dogo-gajere, sannan a juya, gajere-dogo. Bayan haka a dawo da wasalin. Kowane mako a ƙara sauri kaɗan da na'urar ƙidayar bugu, wadda yanzu akwai ta a kowace waya, har a kai bugu 92 zuwa 100 a minti. Game da numfashi, mutanen layi ɗaya su raba wuraren shaƙa tsakaninsu, kowa ya tsallake sauti biyu ko uku a wurinsa ya dawo a hankali, kada biyu da ke kusa da juna su shaƙa tare. Kuma a rera shi da rabin murya. Handel ya ɗauko wannan waƙa ne daga wata waƙar Italiyanci ta mutum biyu da ya rubuta a 1741 ɗin, shi ya sa take da sauƙin jiki haka, shi ya sa kuma nauyin bugu ya faɗa kan "For", kalmar da ba ta cancanci nauyi ba. A sassauta ta. Ƙarfin duka a adana shi sai an kai "Wonderful, Counsellor", inda muryoyi huɗu ke haɗuwa wuri guda. In an yi ta ihu tun daga farko, babu sauran abin mamaki a wurin.

Ta Ishaya 40:5 bugu uku-uku ce, amma kwayamasta ya kaɗa hannu sau ɗaya a kowace gaɓar kiɗa, wato kowane bugu uku, kamar rawa. In ya tsaya kaɗa uku, waƙar za ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi. A wuraren sauka Handel yakan haɗa gaɓa biyu ya mayar da su manyan bugu uku, kuma mawaƙin da ba a nuna masa wannan ba zai dinga jaddada inda bai kamata ba. Kalmar "revealed" a nan gaɓa uku ce, irin ta tsohon Turanci. Akwai kuma shiru kafin kalmomin ƙarshe, kamar yadda yake kafin Halleluya ta ƙarshe a waccan shahararriyar. Kusan kowace kwaya tana da mutum guda da zai faɗa cikin wannan rami shi kaɗai. A koyi shirun kamar yadda ake koyon sauti, a ƙidaya shi da baki sau goma, kuma a dokance cewa daga gaɓa huɗu kafin nan ido yana kan kwayamasta.

Lafazi ma yana da nasa. Mu da bakinmu ya saba da Hausa mukan haɗa p da f, kuma waƙoƙin nan cike suke da "purify" da "Prince of Peace" da "people". Mukan kuma ƙara wasali a ƙarshen kalma, "Lord" ta zama "Lodu". Minti biyar na karanta kalmomin da baki a kan bugu, ba tare da waƙa ba, a farkon kowane zama, yana gyara wannan. Harafin s na ƙarshen kalma a sanya masa bugun da za a ajiye shi, in ba haka ba mutum talatin za su yi ta huci ɗaya bayan ɗaya. Masu son fassara waƙoƙin zuwa Hausa su yi hattara. Kalmominmu na ƙarewa da wasali, abin da ke taimaka wa dogon gudu, amma yawan gaɓoɓi ba ya daidaita, kuma karin waƙar yakan murɗe karin harshe har kalma ta koma wata. Abin da ya fi sauƙi shi ne a buga ayoyin da Hausa a takardar shiri, ko mai karatu ya karanta kowace aya daga Littafi Mai Tsarki kafin a rera ta.

Ƙashin bayan kiɗan barok shi ne abin da ake kira kontinuwo: layin bas da celo, wato babban gogen Turawa, ke bi, da ogan ko hafsikod, mai kama da piyano, da ke cika sautuka a kansa. Handel bai nemi kayan kiɗa da yawa ba. Gogen Turawa manya da ƙanana, ƙaho irin na tirampet guda biyu, tambura, sai obo, 'yar'uwar algaita, da aka ƙara daga baya. A duk kashi na farko tirampet sau ɗaya tak take fitowa, a waƙar mala'iku, kuma Handel ya rubuta cewa a busa daga nesa, a hankali. Tambura kuwa ba sa motsi sai an kai Halleluya. Saboda haka mai gangunan bandi ya huta a wannan dare. Inda kibod kaɗai ake da shi, a zaɓi muryar ogan mai laushi, a kashe kiɗan rakiya na inji, a kashe amsa-kuwwa, a ɗauke ƙafa daga fedar jan sauti. Hannun hagu ya fito sarai a gajarce, domin shi ne agogon kwaya. A wuraren da mai solo ke waƙa mai kama da magana, mai kibod ya buga sauti ya saki, kada ya danne shi har mawaƙi ya gama jimla. In akwai mai celo ko da guda ɗaya a garin, a nemo shi. Amfaninsa ya fi na masu tirampet uku.

Halleluya tana kai sofrano har sautin A ta sama, ga kuma hawan "King of Kings" mai gajiyarwa. In kibod ne kaɗai ke rakiya, babu laifi a sauke komai da rabin mataki. Masu kiɗan barok da kayan gargajiya a Turai yau sukan ɗaure sautin A a kan girgiza 415 a daƙiƙa maimakon 440 da aka saba, kuma bambancin rabin matakin ne daidai. Kada a wuce haka, domin bas da alto za su nutse. In kuwa akwai masu goge da tirampet, a bar ki yadda yake, saboda ki na D da aka rubuta ta a kai shi ya fi zauna wa kayansu. Haka nan wajen masu solo, a yi aiki da wanda ake da shi. Handel da kansa ya riƙa sake waƙoƙin gwargwadon mawaƙan da ya samu: waƙar Malakai 3:2 akwai ta bas akwai ta alto, "Rejoice greatly" kuma akwai mai bugu huɗu akwai mai tafiyar uku-uku wadda ta fi sauƙi ga sofranon da ba ta goge ba. Wadda babu mai iya ta, a karanta ayar a wuce.

Bach wani dutse ne daban. Oratoriyonsa na Kirsimeti, wato doguwar waƙar labarin nassi irin Messiah, kantata shida ne, wato kashi shida masu cin gashin kansu, da ya shirya domin sujada a majami'un Nikolai da Thomas na birnin Laifzig ta Jamus, a ranaku shida: 25 da 26 da 27 ga Disamba 1734, sai 1 da 2 da 6 ga Janairu 1735. Bai taɓa nufin a rera su a zama ɗaya ba, kuma ko a Jamus yau galibi kashi uku na farko ake yi a dare guda. Waƙar buɗewa da tambura take farawa, sannan tirampet uku masu hawa sama ƙwarai, domin asalinta waƙar taya sarauniya murnar ranar haihuwa ce da ya rubuta a 1733, wadda kalmominta na farko ke kiran tambura su yi ƙara. Ana bukatar teno mai haske da zai ba da labarin Luka sura 2 da Matiyu sura 2 daga farko har ƙarshe, ga kalmomin Jamusanci. A ganinmu kwayar da ba ta taɓa kammala kashi na farko na Messiah ba kada ta taɓa wannan tukuna. Amma akwai ƙofar shiga. A cikin sassa 64 na oratoriyon akwai koral, wato waƙoƙin jama'a masu murya huɗu, kowace minti ɗaya ko biyu, kuma suna nan da Turanci. Ta farkonsu karinta ɗaya da waƙar Juma'a Mai Kyau da masu littafin waƙoƙin Turanci suka sani da "O sacred head", kuma da wannan karin Bach ya rufe aikin duka. Koral uku ko huɗu a tsakanin karatun nassi sun isa su koya wa alto da teno tsayawa da ƙafarsu. Su ne kuma suka fi karɓar fassara, tunda yawanci gaɓa ɗaya sauti ɗaya ne.

Wanda ke neman abin da zai cika shiri, ga Gloria ta Vivaldi, mutumin Benis ta Italiya. Sassa 12 ce, wajen minti 30, tana buɗewa da kalmomin mala'iku na Luka 2:14, kuma masu solo uku take nema, sofrano biyu da alto. Da Latin take, wanda a bakin mawaƙa wasulansa biyar ne kamar namu, don haka ya fi Turanci zauna wa Bahaushe. Wurin tsoro a cikinta sashe na biyu ne, mai tafiya a hankali da rabin-rabin mataki, inda kwaya ke zamewa ƙasa ba ta sani ba. A koya musu su faɗaɗa matakin hawa, su ƙuntata na sauka. Gloria, hutun minti 15, kashi na farko na Messiah, sannan Halleluya: awa ɗaya da minti arba'in da biyar ke nan, in ba a cusa jawabai da gabatar da manyan baƙi a tsakiya ba. Waɗannan a yi su kafin a fara.

Saura ɗakin da kansa. Majami'a mai rufin kwano da daɓen siminti tana riƙe sauti. A tsaya a tsakiya a tafa sau ɗaya a saurara. In amon ya wuce daƙiƙa biyu, a rage sauri kaɗan, a gajarta sautuka, a kuma tuna cewa jikin jama'a da tufafinsu za su shanye wani abu a daren. Mawaƙa su tsaya layi uku ko huɗu cikin siffar baka, kowane layi ya ɗara na gabansa da kamar santimita 20. Mai kibod ya zauna inda yake ganin hannun kwayamasta, lasifikarsa kuma a kusa da kwaya. Sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, don haka lasifikar da ke ƙarshen ɗaki za ta sa kwaya ta riƙa jinkiri, kowane shafi ya fi na baya nauyi. Kada a ba kowa makirfo a hannu. In ɗakin ya yi girma, makirfo biyu a kan dogayen sanduna, mita biyu zuwa uku a gaban kwaya, sun isa, kuma mai kula da na'ura ya daidaita su a gwajin ƙarshe ya cire hannunsa. Janareta a kai shi nesa, a kunna tun kafin a fara, domin kibod da ya mutu ya dawo yakan manta saukin rabin matakin da aka yi masa. Fanka a kashe, tana kaɗa sauti tana kuma watsa takardu.

Disamba lokacin hunturu ne, iska a bushe, ga ƙura. Mawaƙa su riƙa shan ruwa mai ɗumi tun da rana, masu hawa acaɓa su rufe hanci da baki, a yi ɗumama murya na minti 15 kafin a fito. Babban gwaji a yi shi kwana biyu kafin ranar, a ranar kuwa a taɓa farkon kowace waƙa kawai. Masu goge su iso da wuri, domin bushewar iska tana sassauta maɗaurin tsirkiya, kuma a ba su damar sake ɗauri bayan hutu. Da an zo Halleluya, kwayamasta ya juyo ya yi wa jama'a alamar tashi, ya jira ƙarar benci ta lafa, sannan ya ɗaga hannu. Gabatarwar gaɓa uku ce kacal, in ta ɓace cikin hayaniya kwaya ba za ta san inda za ta shiga ba.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman kwaya,
daga Jos da Kaduna